Hannuwa Huɗu a Fadamar Suru

Shekarar da shinkafa ta yi nono da wuri,
janbaki suka sauko Suru kamar hayaƙin gobara.
Baba Anaruwa ya tara mu huɗu a bakin fadama,
ya raba mana majajjawa da kwandon curin laka,
ya ce, "Tsuntsu na da karatu, yara.
Wanda yaj jefa iri guda, gonatai ta zama akushi."

Nomau ne mai Kibiya.
Ba ya juyi uku. Biyu, sai saki.
Lakar na tafiya miƙe kamar an ja zare,
kafin ka ji kukanta ta isa.
Amma azahar na yi, kafaɗarsa ta mutu,
su kuma sun haddace hanyar:
su ɗan buɗe, ta wuce, su rufe,
kamar ruwa a bayan kwalekwale.

Arzika bahago ne, nasa jifan Lauje.
Yakan latse lakar da babban yatsa tun tana ɗanya,
ya bar ta ta bushe da kunci guda.
In ya saki, sai ta nufi kukar Malam Jaɓɓi,
ka ce ya yi asara.
Can tsakiyar iska ta tuna saƙon da aka ba ta,
ta karyo, ta faɗa musu ta ƙeya.
Na sayi sirrin da rabin ƙosaina.
Ya cinye, ya lashe yatsa, ya ce, "Wuyan hannu ne."
Bai ƙara ba.

Tumba, ƙanwar Nomau, ko kafaɗarmu ba ta kai ba,
ita ke da Nutso.
Ƙasa-ƙasa take jifa, tana aske kan zangarniya,
sai lakar ta sunkuya farat ɗaya
ta fashe a ruwa, ƙarƙashin cikinsu.
Tsoron da ya ɓullo daga ƙasa
ya fi daɗewa a ƙirjin tsuntsu.

Ni fa?
Hannuna sillen kara.
Kwana tara ina jifa suna kallona suna ci,
sai tsohon ya kama ni a gwiwar hannu:
"Juya awa Nomau, ɗaure fuska awa Nomau,
amma ka sake ta da lalaci."
Garken ya buɗe wa Kibiya hanya,
ya jira, bai ga komai ba, ya rufe,
sannan tawa ta iso da tafiyar mai ciwon ƙafa
ta same su cunkus.
Biyan Bashi muka sa mata,
don ba ta zuwa ranar da aka sa.

Daga rumfa tsohon ke ba da alama.
Yatsa ɗaya, Nomau. Ya taɓa hula, Arzika.
Ya nuna ƙasa, Tumba.
In ya yi tari, ni ne.
Buhu talatin da ɗaya muka kai gida,
ban da abin da masu fiffike suka ɗiba.

Yau ɗinkin buhu nake a injin casa, Birnin Kebbi.
Jirgi ke yi wa janbaki feshi, in an tuna.
Jiya a shagon aski talabijin ta nuno wasu ƙarti
can wata ƙasa, kowa da hana-salla:
ɗaya na jifan farar ƙwallo, ɗaya na jira da kulki,
na uku ya tsuguna yana magana da yatsu.
Mai askin ya ce, "Wasa ba kai ba gindi."
Sai bahagon cikinsu ya murɗa wuyan hannu,
ƙwallon ta nufi waje, ta tuna, ta dawo.

Na miƙe da rabin kai a aske:
"Lauje!"
Shago ya kwashe da dariya.

Arzika shekararsa shida a ƙasa.
Bai taɓa ganin fili mai fitilu ba.

Na koma na zauna.
Ƙarƙashin ƙyallen aski, hannuna na dama
na juyawa a hankali, biyu, uku,
yana jiran tarin tsoho.